Masu Sharhin Besbol: Wa Ya Iya, Wa Ke Cika Mana Kunne?

Wasiƙun da suka shigo filin nan a wannan karon sun karkata ne ga masu sharhin wasan besbol a rediyo da talabijin. Akwai yabo kaɗan, amma ƙorafi ya fi yawa. Mun taƙaita tambayoyin, mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina bin babbar gasar besbol ta Amurka, wani lokaci ta rediyon intanet, wani lokaci a talabijin. Na rediyo bakinsa ba ya hutawa, na talabijin kuwa sai ya yi tsit ana tsakiyar wasa. Ragwanci ne ke damunsa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba ragwanci ba ne, aikin ne ba iri ɗaya ba. Mai sauraron rediyo ba shi da ido sai bakin mai sharhi, don haka kafin kowane jifa akwai abubuwan da dole ya sani: zagaye na nawa ake ciki a cikin taran, wace ƙungiya ke bugu, maki nawa da nawa, mutum nawa aka fitar a cikin ukun, wa ke tsaye a tasha ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku, sai ƙidayar mai bugu, wato bol (jifan da ya kauce wa yankin bugu, mai bugu bai kai masa sanda ba) nawa, sitiraik (jifan da ya ratsa yankin, ko wanda mai bugu ya kai wa sanda ya kuskure) nawa. Bol huɗu, mai bugu ya taka zuwa tashar farko kyauta. Sitiraik uku, ya fita. Jifan da za a yi ana bol uku sitiraik biyu, an riga an fitar da mutum biyu, ga kuma mai gudu a tashar farko, ba ɗaya yake da jifan buɗe zagaye ba, domin mai gudun zai ruga ne da zarar mai jifa ya motsa, kuma bugu mai ɗan nisa na iya kai shi har gida ya ci maki. Wanda ba a faɗa masa wannan ba zai ji ihun 'yan kallo ne kawai bai san dalili ba.

Idan sanda ta samu ƙwallo, gwanin rediyo yana bin tsari: irin bugun tukuna, ko ta bi ƙasa, ko ta tafi a miƙe, ko ta lula sama, sannan inda ta nufa, sannan wanda ke bin ta, sannan abin da ya faru, sai ya juyo kan masu gudu. Duk wannan cikin daƙiƙa huɗu ko biyar. Wanda ya fara da ihun sunan ɗan wasa kafin ya ce ina ƙwallon take ya bar mai sauraro a duhu.

A talabijin kuwa gani ya kori ji. Maki da ƙidaya da masu gudu duk suna rubuce a kusurwar allo, kyamara kuma tana bin ƙwallo. Abin da ya rage wa mai sharhi shi ne ya ambaci sunaye, ya nuna abin da hoto bai ɗauko ba, kamar mai jifan da ya fara ɗumama jiki a gefe ko 'yan tsaron da suka matso gaba, sannan ya san lokacin kama baki. A wasan farko na gasar ƙarshe ta fitar da zakara (World Series) ta 1988, da Kirk Gibson na Dodgers ya fito yana ɗingishi ya aika ƙwallo bayan katanga wasa ya ƙare, mai sharhi Vin Scully ya faɗi jimla guda ne ya yi shiru na sama da minti ɗaya, ya bar hoto da ihun fili suka yi aikin. Har yau ana kafa misali da wannan shirun.

Rediyon ya girmi talabijin a harkar. Tashar KDKA ta Pittsburgh ce ta fara watsa wasa ranar 5 ga Agustan 1921, da muryar Harold Arlin. Talabijin bai shigo babbar gasar ba sai 26 ga Agustan 1939 a filin Ebbets na Brooklyn, inda Red Barber ya yi sharhi da kyamara biyu kacal. Shi ya sa yawancin ƙa'idojin sana'ar a rediyo aka kafa su, kuma kuskuren da ya fi yawa a talabijin shi ne mutum ya riƙa karanta maka abin da kake gani da idonka.

TAMBAYA: Ni da abokaina kullum muna gardamar wane ya fi wane, amma kowa son ransa yake bi. Akwai ma'aunin da za a iya gwadawa?

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, kuma ba ya buƙatar komai sai takarda da agogo. Zaɓi zagaye uku a tsakiyar wasa, misali na huɗu zuwa na shida, a wasan da ba shi da wani armashi. Wasan da ya yi zafi kowa na iya yi masa sharhi. Wanda aka yi wa wata ƙungiya fintinkau da maki takwas tun da wuri shi ke tona asirin wanda bai yi shiri ba.

Fara da maki. Kunna rediyo ba tare da ka san inda aka kwana ba, ka ga minti nawa za ka jira kafin a faɗa maka. Red Barber yana ajiye agogon yashi na minti uku a gabansa. Da yashin ya ƙare sai ya faɗi maki ya juya shi. Jon Miller na San Francisco Giants ma ya ɗauki wannan ɗabi'ar. Idan ka haura minti biyar ba ka ji ba, rubuta masa laifi ɗaya.

Sai ka saurari inda yake saka labari. Besbol wasa ne mai yawan tsayawa, dole a cike gibin da labarin 'yan wasa da tarihi. Amma masu sana'ar suna da ka'ida: kada ka fara dogon labari an riga an fitar da mutum biyu, domin jifa guda na iya ƙare zagayen a tafi talla, labari ya mutu a tsakiya. Gwani yana farawa ne da buɗewar zagaye, yana yanka labarin gunduwa-gunduwa tsakanin jifa da jifa, kuma ba ya barin jifa ko ɗaya ya wuce bai faɗe shi ba. Wanda ya bari aka buga ƙwallo yana cikin hira, har sai da ya dawo da baya yana cewa ga abin da ya faru, wannan laifi ne babba a rediyo.

Duba kuma ko yana tuna abin da ya wuce a wasan. Duk mai sharhi na ƙwarai yana rubuta wasan da hannunsa a littafin maki. Kowane gurbi na da lamba: mai jifa 1, mai cafewa 2, masu tsaron tasha ta ɗaya da ta biyu da ta uku 3, 4 da 5, mai tsaron tsakanin ta biyu da ta uku 6, sai 'yan bayan fili na hagu da tsakiya da dama 7, 8 da 9. Idan ya rubuta 6-4-3, ya san an fitar da mutum biyu a bugu ɗaya. Daga wannan littafin ne yake iya ce maka mai bugun nan sau biyu ke nan ana yaudararsa da jifa mai lanƙwasa yau. Wanda ba ya taɓa waiwayar zuwan mai bugu na baya, kallo kawai yake yi kamar kai.

Abu na ƙarshe, sunaye. 'Yan wasa da dama daga Jamhuriyar Dominika, Benezuwela, Kuba, Japan da Koriya ta Kudu suke. Mai sharhin da zai shekara yana lauya sunan mutum, alhali yana iya zuwa ɗakin 'yan wasa ya tambaye shi, ya nuna maka iyakar shirinsa.

Daɗin murya ba ya cikin wannan lissafin, amma ba a raina shi. Kowace ƙungiya na buga wasa 162 a kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Muryar da ke burge ka a daren farko da kirari da ihu tana iya zame maka ciwon kai kafin Yuli. Waɗanda suka daɗe, irin su Scully da ya yi kaka 67 da Dodgers daga 1950 zuwa 2016, da Jaime Jarrín da ya yi wa ƙungiyar sharhi da Sifaniyanci daga 1959 zuwa 2022, da Bob Uecker da ya riƙe rediyon Milwaukee Brewers daga 1971 zuwa 2024, kusan dukkansu masu magana ne kamar hira, suna ajiye ƙarfin murya sai inda ya dace.

TAMBAYA: Me ya sa tsofaffin 'yan wasan da ake zaunarwa kusa da mai sharhi wasu ba sa ƙara komai? Ai su suka buga wasan.

AMSA: Iya wasa daban, iya bayyana shi daban, Alhaji. Kujerar nan ta biyu tana da aiki takamaimai: na farko ya faɗi abin da ya faru, shi kuma ya faɗi dalili. Ana gane mai amfani da abu ɗaya, wato yana magana kafin jifa ko bayansa. Ya ce, mai jifa ya kafa shi da jifa biyu masu sauri ta ciki, yanzu ku lura da mai cafewa, zai nemi mai lanƙwasa ta waje can ƙasa. Ko ya dace ko bai dace ba, ka koyi yadda ake tunani. Wanda kuwa sai an zura maki ya ce ai bai kamata a bar wannan mai jifan ba, bai gaya maka abin da ba ka sani ba.

Tazarar da ke tsakanin mai jifa da farantin gida, inda mai bugu ke tsayawa, ƙafa 60 ce da inci 6. Ƙwallon da ke gudun mil 95 a awa tana cinye ta cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ido ba ya kama komai a nan, sai an maimaita hoton a hankali, kuma a lokacin ne tsohon ɗan wasa zai ci kuɗinsa: ya nuna yadda aka riƙe ƙwallon da yatsu, inda hannu ya sake ta, ko kafaɗar mai bugu ta buɗe da wuri. Ana yawan yabon masu sharhin New York Mets, Gary Cohen da Keith Hernandez da Ron Darling, da suke tare tun 2006, saboda Hernandez tsohon mai bugu ne, Darling tsohon mai jifa, kowa na kallon jifa guda ta fuskarsa.

Cutar da ta fi kama masu wannan kujera ita ce "a zamaninmu". Ƙorafi kan yadda yaran yanzu ke wasa yana da daɗi sau ɗaya, ba kowane dare ba. Ga kuma ƙarancin lokaci. Tun 2023 aka kafa agogon jifa, daƙiƙa 15 idan ba kowa a tasha, 20 idan akwai, aka mayar da na biyun 18 a 2024. Matsakaicin tsawon wasa ya sauko daga awa uku da 'yan mintuna zuwa kusan awa biyu da minti arba'in. Wanda ba zai iya kammala batunsa cikin jimla biyu ba yanzu yana taka wa abokin aikinsa ƙafa.

TAMBAYA: Mai sharhin ƙungiyar da nake goya wa baya ba ya ɓoye son kai ko kaɗan. Wannan ba aibi ba ne?

AMSA: Hajiya, ya danganta da inda yake zaune. Masu sharhin gida ƙungiyar ce ke ɗaukarsu ko ta amince da ɗaukarsu, masu sauraronsu kuma magoya baya ne. Ken Harrelson na Chicago White Sox ya shahara da goyon baya a fili, amma bai hana shi samun lambar Ford C. Frick ta 2020 ba, wadda gidan tarihin besbol na Cooperstown ke bai wa masu sharhi tun 1978. Scully kuwa a makarantar Barber ya tashi, inda ba a yi wa kowa tafi. Duka hanyoyin biyu sun samu karɓuwa. A tashoshin ƙasa baki ɗaya kamar Fox da ESPN ne ba a yarda da ɗaukar ɓangare ba.

Inda muke ja da mai son kai shi ne idan son ya ɓata rahoto. Ki saurara: idan abokan hamayya suka fitar da ƙwallo bayan katanga, muryarsa na nuna cewa babban abu ya faru, ko gunaguni yake yi har mai sauraro ya kasa ganewa? Idan ɗan ƙungiyarsa ya saki ƙwallo mai sauƙi, yana cewa ya yi kuskure, ko iska yake ɗora wa laifi? Sai dai a yi masa adalci, bakinsa ba a sake yake ba. A 2023 jaridun Amurka sun ruwaito cewa an ɗauke Kevin Brown na Baltimore Orioles daga allo na 'yan makonni bayan ya ambaci yadda ƙungiyar ta sha kashi a filin Tampa Bay a shekarun baya.

TAMBAYA: Alƙaluma sun yi yawa. Kowane jifa sai an karanto lambobi. Dole ne?

AMSA: Ba dole ba ne, kuma rabin abin da ake karantowa ba shi da amfani. Ɗauki wannan: a ce mai bugu ya samu bugu mai kyau sau uku cikin biyar gaban wannan mai jifan, wato .600. Da guda ɗaya ta faɗa hannun mai tsaro, .400 ke nan. Gwaji biyar ba ya nuna komai ga mutumin da ke zuwa bugu kusan sau 600 a kaka. Lamba mai amfani tana zuwa da abin gwadawa. Idan aka ce wane yana buga .290, a ƙara da cewa matsakaicin gasar a 'yan shekarun nan tsakanin .240 ne da .250. Tun da aka kafa na'urorin Statcast a duk filaye a 2015, ana iya sanin saurin da ƙwallo ta bar sanda, kuma daga mil 95 a awa ake kiran bugu mai ƙarfi. Wannan na da amfani idan an ce mutumin nan sau uku yana dukanta da ƙarfi yau, tana faɗawa hannun masu tsaro, ba wai hannunsa ne ya mutu ba. A rediyo, lamba ɗaya ta isa a zuwan mai bugu guda. Kunne ba ya riƙe uku.

TAMBAYA: Akwatin nan da ake zanawa a allo gaban mai cafewa yana nuna alkalin wasa ya yi kuskure, amma wani mai sharhin sai ya ƙi cewa komai. Tsoro ne?

AMSA: Wani lokaci sani ne. Faɗin farantin gida inci 17 ne, wannan ba ya canzawa, amma sama da ƙasan yankin sitiraik na bin jikin mai bugu da tsayuwarsa, layin da aka zana kuwa ƙiyasi ne. Kyamarar bayan fili a yawancin filaye a karkace take, ba daidai bayan mai jifa ba, don haka jifan da ya taɓa gefen faranti na iya bayyana kamar ya fita. Kuma inda safar mai cafewa ta tsaya ba shi ne inda ƙwallo ta ƙetare faranti ba. Jifa mai lanƙwasa na ci gaba da sauka bayan ya wuce. Mai sharhi nagari yana kyale na kan layi, ya yi magana kan wanda ya fita da tazara bayyananniya. A Satumban 2025 hukumar gasar ta amince da barin mai jifa ko mai cafewa ko mai bugu ya ƙalubalanci hukunci a duba na'ura, sau biyu ga kowace ƙungiya, daga kakar 2026.

TAMBAYA: Sau da yawa mai sharhi ya ɗaga murya kamar ƙwallo ta fice, sai ka ji an cafe ta cikin sauƙi. Me ke jawo haka?

AMSA: Ƙwallon yake kallo. Daga ɗakin sharhi, can sama bayan farantin gida, duk ƙwallon da ta lula tana kama da mai fita. Abin da ake koya wa sabon shiga shi ne ya sauke ido kan mai tsaron bayan fili. Idan ya tsaya cak yana ɗaga safa, ba inda za ta. Idan ya juya baya yana gudu har ya taka jar ƙasar da ke gaban katanga, to a ɗaga murya. Idan ya tsaya yana kallon sama bai ko motsa ba, ta tafi.

Matsalar ta ƙaru a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka riƙa yin sharhin wasannin waje daga ɗakin watsa shirye-shirye ta allo. Allo na bin ƙwallo ne, ba ya nuna mai tsaro sai a makare, ba ya kuma nuna mai gudun da ya zagayo tasha ta uku. Abin ba sabo ba ne. A shekarun 1930 Ronald Reagan, wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, yana yin sharhin wasannin Chicago Cubs a tashar WHO ta Iowa daga saƙon wayar tangaraho, bai ga fili ba. Ya sha ba da labarin ranar da waya ta katse, ya dinga sa mai bugu yana karkatar da ƙwallo gefe har layi ya dawo.

TAMBAYA: Gaskiya ne bai kamata a faɗa ba idan mai jifa ya hana abokan hamayya bugu mai kyau ko ɗaya, don kada a karya masa sa'a?

AMSA: Camfin 'yan wasa ne a wurin zamansu, bai hau kan mai sharhi ba. A gasar ƙarshe ta 1947 Barber ya faɗa ƙarara cewa Bill Bevens na Yankees bai bari an samu bugu ba, sai Cookie Lavagetto ya karya abin saura mutum ɗaya a tashi. Mutane sun zarge shi, bai sauya ba. Wanda ya kunna rediyo a zagaye na bakwai yana da haƙƙin sanin dalilin da zai sa kada ya kashe.

TAMBAYA: Na fi son sharhin rediyo amma ina son ganin hoto. Idan na haɗa su sai murya ta riga hoton.

AMSA: Haka yake, 'yar'uwa, domin hoton intanet yakan makara da daƙiƙu masu yawa, wani lokaci har rabin minti. Idan da manhajar gasar, MLB.TV, kike kallo, duba wajen zaɓen sauti, akwai damar ɗora muryar rediyon gida ko ta baƙi a kan hoton, an riga an daidaita su. Idan na'ura biyu ce, wadda ke gaba ake tsayarwa, kuma sai rediyon ya zama na manhaja mai maɓallin dakatawa. Jira ki ji ƙarar ƙwallo ta faɗa safar mai cafewa ko ta daki sanda, ki dakatar da sautin nan take, ki sake shi daidai lokacin da hoton ya nuna wannan jifan. Kada ki daidaita da maganar mai sharhi, domin shi kansa yana bayan abin da ya faru da kusan daƙiƙa ɗaya. Bayan kowace doguwar talla ko tsinkewar intanet, a sake gwadawa da jifan farko na sabon zagaye.